Lambar Baba a Jikin Ƙofa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyu. Ya ƙafar taki, ta saki? In har yanzu kina tsayuwar yini guda a asibitin nan da ita, to ke mai jinyar kowa ce ban da kanki.

Na ga kiranki har sau huɗu ban ɗauka ba. Ba wulaƙanci ba ne, na san in na ji muryarki kuka zan fashe da shi, shi ya sa na zaɓi rubutu. Da farko ki kwantar da hankalinki. Mutanen da ke kiran Baba a waya suna tambayarsa ko yana karɓar kayan sata ba 'yan damfara ba ne, ba kuma wani maƙiyi ne ya turo su ba. Babu mai bibiyarsa. Na gano inda abin ya fito, na kuma toshe shi tun jiya da rana. Abin da ya yi mini nauyin faɗa shi ne, daga wajena ya fito.

Kin san wasan kwamfutar da muka fi shekara muna haɗawa a ofis. Aikina a ciki shi ne gina garin da mai wasa zai riƙa yawo a cikinsa, tituna da shaguna da katanga har da kwata. Garin ƙirƙirarre ne, babu shi a taswirar kowa. Wata uku ina zana layuka daga kaina, duk wanda na kai wa Manaja sai ya yamutsa fuska ya ce garina kamar ba a taɓa kwana a cikinsa ba. Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce. Katanguna sumul, ƙofofina duk tsawo ɗaya, ko tsatsa na saka sai ta fito a tsare kamar ado.

Da na je hutu gida sai na ɗauki kyamara na bi layinmu daga famfo har shagon tela. Haka muke yi a aikinmu: a ɗauki hoton bango na gaske, a shimfiɗa shi a kan bangon wasa kamar an sa masa riga. Na ɗauki ƙofar shagon Baba ma, da lanƙwasar da mota ta taɓa yi mata, da koren fentin da ya ɓare, da rubutun gyaran rediyo da lambarsa a ƙasa. Yana ciki a lokacin, ya sunkuya a kan wata tsohuwar rediyo. Ban tambaye shi ba, na ce a raina ai ƙofa ce kawai.

Layin ya fito da kyau, Yaya, har Manaja ya kira sauran su zo su gani, ni kuwa kaina ya kumbura. Dokar aikin ita ce a goge duk wani rubutu na gaske kafin a miƙa. Na goge na tela, na goge na mai aski. Lambar Baba kuwa idona ya saba da ita tun ina rarrafe, har ya daina ganinta a matsayin rubutu. Na wuce ta kamar yadda nake wuce ta kullum.

Dogo, mai rubuta mana labarin wasan, bai san shagon na wani ne ba. Ya ga ƙofa a lungu ta yi masa, sai ya zaunar da mutumin da ɓarayin wasan ke kai wa kayan sata a ciki. Lokacin an mayar da ni gina tashar jirgin ruwa, ban ma leƙa ba. Mako biyu da suka wuce aka saki wasan na gwaji, 'yan wasa kuwa babu abin da ba sa taɓawa. Suka ga lamba a ƙofa, suka ɗauka wani sirri ne muka ɓoye musu, suka hau kira.

Jiya da safe Dogo ya zo teburina yana dariya, ya nuna mini bidiyon wani ɗan wasa yana kiran lambar. Muryar da ta amsa ta Baba ce. Yana cewa shekara arba'in yana wannan sana'a ba a taɓa kama ko allurar wani a hannunsa ba. Na gaya wa Dogo mahaifina ne. Da rana na goge lambar daga wasan.

Don Allah kada ki gaya wa Baba. Ni na yi, ni zan je in faɗa da bakina. Ki sumbatar mini 'yan biyu.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan gajiyar aiki ta bi jiki lafiya. Wasiƙarki ta iso, faɗan da ke ciki ma ya iso, na karɓa duka. Amma wurin da kika ce Baba ya kwana uku ba a kira shi ba, shi na karanta ya fi sau goma. Tun ranar nake iya cin abinci kamar mutum.

A ofis an yi zama a kaina. Na shiga ina zaton kora ce, sai Manaja ya ce laifin na mutum uku ne: ni da ban goge ba, Dogo da bai tambaya ba, da shi kansa da ya sa hannu. Ya so a rushe layin gaba ɗaya a huta. Na roƙe shi a dakata har in je gida, domin na riga na ɗauki ƙofar Baba ba da saninsa ba, ba na so in kuma jefar da ita ba da saninsa ba. Ya yarda. Mai bidiyon ma mun rubuta masa, ya sauke, har ya aiko da ban haƙuri.

Dogo ya kwashe ɓarawonsa daga shagon. Ni na gina masa sabon lungu a kwana huɗu, ban ɗauki hoton komai ba, duk daga kaina. Abin mamaki, ya fito da rai. Ashe wata ukun da na ɓata ba ƙirƙira ce ta gagare ni ba, kallo ne ban iya ba. Yanzu na san inda ruwa ke cin bango, na san ƙofa daga ƙasa take fara lalacewa, sai na yi wa lungun nasa irin tsufan da ba na kowa ba.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne wanda kika ce, cewa mai aski ya ga bidiyon kafin a sauke, ya nuna wa masu zama a bencinsa. Kin san bencin nan, abin da ya hau kansa ya gama layi. Na san ba wanda zai yarda Baba ɓarawo ne, amma kin san shi, a yi masa dariya ma ya ishe shi ciwo. Ranar Asabar zan hau motar safe. Ki yi mini addu'a bakina ya buɗe.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya tawa,

Gaisuwa daga gida, daga kan teburin Baba nake rubuto miki. Yana gaishe ki, ya ce in tambaye ki ƙafa, ya kuma ce ki daina taurin kai ki huta.

Da na sauka na nufi shago, abin da na fara gani ya kusa mayar da ni tasha. Baba ya shafe lambarsa da baƙin fenti. Wayar kuma na same ta a kashe cikin aljihun tebur, tsakanin batura da wayoyin wuta, ashe shi ya sa kika ce kira ya tsaya. Mako guda bai karɓi aikin kowa ba sai wanda ya tako da ƙafarsa.

Na zauna a kan kujerar masu jira na faɗa masa komai, ban rage ba. Yana riƙe da ƙarfen dalma yana liƙa wata waya a cikin rediyo, bai ɗago ba har na gama. Ya ƙarasa liƙinsa, ya hura, ya ajiye. Sannan ya tambaye ni ko na gyara. Na ce na gyara. Ya ce a shagonsa ba a cewa an gyara sai an kunna a gaban mai kaya ya ji da kunnensa, don haka in kunna.

Na ture rediyoyi na buɗe kwamfuta a kan tebur. Kafin ta gama tashi ya leƙa waje ya ƙwala wa tela da mai aski kira. Suka shigo suka tsaya a bayansa, mai aski sai sosa ƙeya yake yi. Na miƙa wa Baba abin sarrafa wasan. Yaya, da kin ga mahaifinki yana karo da bango, yana juyi a wuri ɗaya kamar ɗan tsako, tela na ba shi umarni kamar shi ya iya. Da ƙyar ya kai layinmu. Tela ya ga shagonsa ya ce na rage masa faɗi. Baba ya tsaya a gaban ƙofarsa, a rufe take, babu lamba, babu kowa a ciki. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce lanƙwasar ta fito daidai.

Daga nan ya ce in kai shi inda aka mayar da mai karɓar kayan satan. Na kai shi sabon lungun. Ya tambaye ni layin su waye wannan. Na ce ba na kowa ba ne, ni na ƙirƙira. Ya sake tambaya ko na tabbata babu uban wata da ke buɗe shago a nan. Na rantse masa. Sai ya juya ya dubi mai aski ya ce to ya gani da idonsa, yana iya kai wa benci. Ni kuma ya ce mini daga yau duk mugun da za mu saka a wasa in gina masa gidansa da hannuna, kada in ara masa na mutane. Game da layinmu kuwa, ya ce a bar shi a wasan, tunda ba a yi ƙarya a kansa ba.

Na kifa kai a kan teburin na yi kukan da nake ta ɓoye miki, ya bar ni na yi, yana ta gyara zaman sukurori a gwangwani.

Yau da safe ya fito da farin fenti da burushi ya miƙo mini, ya ce tunda ni ce mai zane. Na durƙusa a gaban ƙofa, yana tsaye a kaina yana karanto mini lambar ɗaya bayan ɗaya kamar ban san ta ba. Da na gama ya shiga ya ɗauko wayar ya kunna, ya ajiye ta a kan tebur. Wajen azahar ta yi ƙara. Na ga hannunsa ya tsaya a sama, ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yana kallonta. Sannan ya ɗauka. Ya saurara, ya saurara, sai na ji ya ce wa wata mata ta kawo rediyonta gobe da safe, wataƙila batir ne kawai.

Ki huta da ƙafar nan. Sai na zo.

Autarku