Wayar Da Ta Hana A Hau Dutsen Halo

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Wayoyin Hannu
na kasuwar da na yi sayayya, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran shugabannin ƙungiya, na rubuto maka ta jarida ne domin na zo ofishinku ban same ka ba, kuma abin da ya same ni ya fi ƙarfin a bar wa sakatare sallahu. Sunana Rakiya, ma'aikaciyar gwamnati ce ni, aikina duba makarantun firamare na karkara. Iyayena manoma ne a wani ƙauye bayan Karshi. Sunan shagon da zan yi magana a kansa na bar wa sakatarenka, ba zan sa shi a nan ba. Ka yi haƙuri idan magana ta yi zafi.

Na ɗaya, yadda muke kafin mu shigo kasuwarku. Tun da wayar hannu ta yi araha kowa ya mallaka, ƙauyenmu bai taɓa samun sabis ba. Wuri guda ne ake kamawa, kan wani dutse a bayan gari, har mutane suka raɗa masa suna Dutsen Halo. Tsohuwar wayar Babanmu mummuna ce, an ɗaure bayanta da roba, amma ba ta ƙarya. A gida ba ta nuna ko kara ɗaya na sabis, saboda haka kowa ya san idan magana ta taso sai a hau dutse. Gwiwoyin Baba ne suka fara ba shi wahala, na ga bai kamata tsoho ya riƙa hawan dutse don ya ji muryar 'yarsa ba.

Na biyu, abin da na tambaya da abin da aka sayar mini. Ban je neman mai kyamara ba, ban je neman mai kiɗa ba. Na faɗa wa mai shagon ƙarara cewa waya nake so mai jan sabis a ƙauye, ta tsoho, da kuma kayan waya na mota masu eriya, domin aikina yana kai ni lungunan da kira ba ya shiga. Ya ɗauko wata ya kunna ya juyo mini fuskarta, ya ce, "Madam, duba sabis, ful! Wannan ko rami ka shiga zai kama." Kan eriyar kuma cewa ya yi da ita ko a tsakiyar daji sai ka ce a Wuse, tsakiyar Abuja, nake. Ya sa aka ɗaura mini ita a rufin mota, doguwa mai ƙyalli, da mazaunin waya da 'yar lasifika. Na biya yadda ya yanka, har da godiya.

Da na kai wa Baba wayar, ya kunna ta a tsakar gida, karan sabis suka tsaya cif a cike. Innarmu ta yi guɗa. Na gwada kira a wurin bai shiga ba, na ce ƙila cunkoson layi ne irin wanda muka saba da shi a gari. Ranar kasuwar Karshi kuwa, da Baba ya kai ta caji ya kira ni daga can, murya tangaran. Daga nan muka sakankance. Idan ya kira daga gida ta yi 'yar ƙara ta katse, sai ya ɗauka ni ce nake katsewa saboda ina ofis. Idan na kira ban samu ba, sai in ce caji ne ya ƙare.

Na uku, ranar da abin ya faru. Inna ta daɗe tana gaya mini, a gaban Baba da kowa, cewa in ta rigaye ni, ni take so in yi mata wanka. Ni kaɗai ce 'yarta mace. Allah ya karɓi ranta jim kaɗan bayan sallar asuba, ba wata doguwar jinya. A lokacin ina gida a cikin gari, wayata na hannuna, ban fita ba sai da hantsi ya ɗaga. Tsakanina da ita tafiya ce da ba ta kai rabin wuni ba. Baba ya zauna a ƙofar ɗakinta yana kira, tana katsewa, yana sake kira. Ƙaninsa, Baffa Idi, ya ce a hau dutse. Baba ya nuna masa fuskar wayar ya ce, "Me za a je yi a dutse? Ga sabis a cike. Ita ce take katse ni." Cikin ɓacin rai ya hana kowa tafiya.

Sai dab da azahar Baffa ya sulale da tsohuwar wayarsa ya hau Dutsen Halo. A lokacin na riga na nutsa cikin ƙauyukan Kwali, wayata na zaune a mazauninta, eriyarku na lilo a sama, hankalina kwance cewa duk mai nemana zai same ni. Bai same ni ba. Bawan Allah nan ya zauna a kan dutse cikin rana yana ta kira, har na fito bakin kwalta wajen la'asar, sannan kiran ya shiga. Kalmar farko da na ji ita ce haƙuri. An jira ni iyakar yadda zafin gari zai bari, liman ya ce kada a ƙara jinkiri, maƙwabta suka yi mata wanka aka kai ta.

Da na isa, Baba bai amsa gaisuwata ba. Matan da suka zo zaman makoki suna magana ƙasa-ƙasa cewa Abuja ta shiga kaina, har kiran rasuwar uwata nake katsewa. Na rantse, na nuna wayata babu alamar kira ko ɗaya, aka ce ai ana gogewa.

Na huɗu, abin da idona ya gani. Ranar sadakar uku ina zaune a ɗakin Inna, na ajiye wayata kusa da ta Baba. Tawa babu sabis ko ɗigo, tasa a cike. Wani abu ya ɗarsu a raina, na buɗe bayanta na zare layin na mayar da batir na kunna. Ranka ya daɗe, wayar da babu layi a cikinta ta nuna mini sabis a cike! Na kashe na sake kunnawa, haka. Ashe karan nan zane ne kawai, kamar furen da ake yi wa kwano. Da na dawo gari na kai motar wurin mai gyaran wuta, ya ɗaga silin, sai ga igiyar eriyar a naɗe, bakinta a yanke, ba ta haɗe da komai ba.

Na koma shagon da wayar a hannu. Na zaci zai musa, ko ya ce shi ma cutarsa aka yi. Dariya ya yi ya ce, "Madam, ai haka kamfani ya yi shi, don kwastoma ya ji daɗi. Eriya kuma na gayu ne. Kowa a layin nan ya sani." Da na gaya masa abin da ya faru ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce in ƙara wani abu ya canza mini da orijina. Wannan "kowa ya sani" ita ce ta hana ni barci. Kowa ya sani, ana kallona ina cewa ta tsoho ce a ƙauye, ba a samu mutum ɗaya da ya ja ni gefe ba? Kai ma ka sani, ranka ya daɗe?

Na san kwanan Inna ne ya ƙare, ba waya ce ta kashe ta ba. Amma wasiyyarta da ba a cika ba, wannan a shagonku aka sayar mini da ita. Kuma akwai wanda ya fi ni shiga uku. Da na nuna wa Baba wayar babu layi, ya dube ta ya ce, "Ashe ni na hana a hau dutse." Tun ranar abinci sai an yi da gaske yake ci, ya rame, kullum maganarsa ke nan. Fushin da ya yi da ni ya fi mini sauƙi a kan wannan.

Saboda haka ga roƙona. Ba kuɗina nake nema ba. Ina roƙon ku kwashe irin waɗannan wayoyi daga kasuwa, eriyar ado kuma a riƙa kiranta da sunanta. Duk wanda ya ce ta ƙauye yake so, a zare layi a kunna a gabansa, a kuma yarda ya je ya gwada a garinsu ya dawo da ita in ba ta kama ba, domin gwaji a gindin ƙarfen sabis ba gwaji ba ne. Babban roƙona kuwa, ka zo da kanka tare da mai shagon nan, ni zan kai ku, ku zauna a gaban Babana da mutanen gari ku faɗa musu abin da kowa ya sani a layinku. Ni na gaya masa ba laifinsa ba ne, yana ganin lallashi ne irin na 'ya. Ƙila in ya ji daga bakinku ya yafe wa kansa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsarkake kasuwancinku, ya sa kada a kai naka makwanci kana kusa ba ka sani ba. Wayar tana nan gabana a kan tebur ina rubutun nan. Babu layi a cikinta, kuma har yanzu sabis ɗinta a cike yake.

Wassalam.

Rakiya,
Abuja.