Littafin da na rubuta ya fito da sunan yayana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a gida.

Ni haifaffiyar Madina ce, kakanninmu ne suka zo hajji daga Kano suka zauna. A farkon shekarun 1980 gidanmu da ke unguwar Ƙurban gidan saukar alhazai ne, yawancinsu 'yan Indonesiya, waɗanda mu nan muke ce wa Jawa. Ni ke kula da ɓangaren mata, na kai su Harami, na raka su kasuwa, har na wayi gari ina jin yarensu kamar a can aka yanke min cibi. Ana haka aka samu sabbin maƙwabta, wani ɗalibi da matarsa Baturiyar Finland da ta musulunta, muna kiranta Ummu Yusuf. Baiwar Allah ga kirki ga shiru, sai ki yi mata tambaya ki sha shayi ki wanke kofin kafin ta amsa. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa muka shaƙu.

Larabci ta ce na koya mata, amma duk kalmar da na ba ta sai na tambaye ta yadda suke faɗa, na haɗa da na Jawa. Abin ya riƙa ba ni mamaki. Su 'yan Finland gida talo ne, a cikin gida talossa, daga gida talosta, kalma ɗaya a yi ta ɗaura mata jela har numfashi ya ƙare. Jawa kuwa ba ruwansu, gida rumah ne, kalmar tana nan rumah, sai dai a ajiye 'yar kalma a gabanta, yaro anak ne, in yara ne da yawa a ce anak-anak a wuce wurin. Amma duk nisan da ke tsakaninsu, dukkansu ba sa bambanta namiji da mace, kalma ɗaya ce ke nufin shi, ita ce kuma ke nufin ita. Sai na sayi daftari, wato littafin rubutu, na fara rubutawa, layi uku, Finland, Jawa, Hausa. Shekara huɗu muna zama bayan la'asar, na cika daftari biyar, ni da ban wuce aji shida ba.

Kuskurena shi ne ban sa sunana ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya tarbiyyantar da mu cewa aikin ilimi ba a liƙa masa suna, ladan yake ragewa, shi kansa in ya kwafi littafi sai dai ya rubuta bawan Allah mai neman gafara. Ni ma haka na yi a bangon kowane daftari.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, a lokacin zai tafi Najeriya ƙaro karatu. Ya ce na ba shi ya nuna wa malaman harsuna na can, wataƙila su buga min. Na naɗe su a mayafina na damƙa masa amana. Bayan wata uku wasiƙarsa ta zo ta hannun wani alhaji, wai jakar ta ɓace a hanya. Na yi kukan da har yau ban manta da shi ba, kuma abin haushin, ni ce na koma ina ba shi haƙuri kada ya sa abin a ransa. Ummu Yusuf ta ce mu sake daga farko, amma a shekarar ne mijinta ya gama karatu suka koma ƙasarsu, daga baya na ji ta rasu.

Yaya ya zama Dakta, ya yi suna, ya yi iyali a can. Duk zuwan da zai yi umara a gidana yake sauka, ni ke dafa masa, ni ke wanke masa kaya. Na san an ce ya rubuta littafi da Turanci, amma tunda ba na karanta Turanci ban taɓa neman gani ba.

Watan jiya babbar 'yarsa ta turo min hotunan littafin ta waya. Za su yi masa walimar ajiye aiki, su sake buga littafin, tana so Gwaggo ta rubuta 'yan layuka kan irin wahalar da Baba ya sha yana tattara shi a Madina. Na buɗe hotunan, bayanin na Turanci ne amma misalan Hausa da na rubuta a daftarina suna nan, ga ɗaya daga ciki. Kyanwa ta kwanta a kan keken ɗinki. Kyanwata ce, kekena ne. Ko wannan bai canza ba.

Na kira Yaya. Bai musa ba. Sai ya ce, "Ya ukhti, ke mace ce a wancan lokacin, ba ki da shahada, ba ki da wata takardar karatu, ina za ki kai shi? Da a hannunki yake da asu ya cinye. Kuma ke da kanki ba ki sa suna ba, ladanki yana wurin Allah, khalas, shi ke nan."

Wallahi satar ba ta ƙona min rai kamar yadda ya ɗauko tarbiyyar mahaifinmu ya rufe min baki da ita ba. Na ji na tsane shi, kuma ina jin kunyar faɗin haka a kan ɗan'uwana mai hawan jini da furfura.

To 'yan uwa ya zan yi? Ba taro nake so ba, ba yabo ba, sunana da na Ummu Yusuf kawai nake so a shafin farko. Yarinyar nan kullum sai ta turo, Gwaggo ina jira. In na gaya mata gaskiya, na rushe mata uban da take alfahari da shi, wataƙila zumunci ya yanke daga nan. In kuma na rubuta abin da ta nema, to wannan karon ba shi ya yi ƙaryar ba, ni ce zan yi ta da hannuna, har na sa sunana a ƙasa. Na faɗa ko na yi shiru?