Ƙorafin Hajiya Safara'u a Kan Likitan da Ya Sauya Hali

Zuwa ga:
Mai girma Darakta,
Asibitin Sauƙi-na-Allah,
Zango, Kwatano.

Daga:
Hajiya Safara'u Fadel,
matar Alhaji Mounkaïla dillalin shanu,
Zango, Kwatano.

Litinin, 21 ga Oktoba, 2024.

Game da: Tausayin da Dakta Boureima ya nuna wa maigidana ba tare da sanarwa ba, da abin da hakan ya jawo wa gidana.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah ya taya ka riƙon wannan kujera, ina neman izinin shigar da kukana a gabanka, domin ruwa ya kai mini wuya.

1. Sama da shekara goma Dakta Boureima ke duba iyalina, kuma duk Zango ta san halinsa. Ba ya murmushi, ba ya ɗaga kai daga takarda. In mutum ya fara ba shi tarihin ciwo tun daga kan kakansa, sai ya sa masa ma'aunin zafi a baki. Mun saba, har mun iya karanta shi: in ya yi tsaki, ciwon ƙarami ne, in ya yi faɗa, mai jiki zai tashi, in ya yi shiru ya cire tabarau, a kira dangi.

2. Ranar Litinin, 7 ga Oktoba, maigidana ya zo awon tansiyo, wato hawan jini, kamar yadda yake yi kowane wata, da ƙafarsa, bayan ya share kwanon ɗumame. Maimakon tsakin da ya saba samu, sai Dakta ya miƙe ya tarbe shi, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya riƙe masa hannu. Ya tambaye shi lafiyar shanu, ya tambaye shi ko akwai abin da ke ci masa rai, ya ce masa kada ya ji kamar shi kaɗai ne a duniya, sannan ya raka shi har bakin ƙofa. Daga baya Malama Kadidja ma'aikaciyar jinya ta shaida mini cewa ofishinka ne ya tura likitoci wani horo a unguwar Agontinkon don su koyi tausasa wa marasa lafiya. Mu ba wanda ya tura mu horon karɓar tausayin.

3. Alhaji ya hau babur ya dawo gida bai yi ciniki da mai babur ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun aurenmu. Ya shiga ɗaki ya kwanta yana fuskantar alƙibla. Hujjarsa ita ce, mutumin da bai taɓa tambayar sunansa ba ba zai riƙe masa hannu haka kawai ba, sai in ya ga wani abu. Na sa an karanta mini ordonans ɗin, wato takardar maganin: ƙwayoyinsa ne na kullum, da umarnin rage gishiri. Alhaji ya ce ai haka suke ɓoye wa mata.

4. Washegari ya tashi ya sayo likkafani a kasuwar Dantokpa. Daga nan ya aika aka kira Ɗantala, abokin hamayyarsa a kasuwar shanu, wanda suka daɗe ba sa ga maciji, ya ba shi farin bijiminsa kyauta don a rabu lafiya. Ɗantala ya yi kuka sosai, kuma yana kukan yana kwance igiya. Ni ma Alhaji ya nemi gafarata a gaban mutane, wai shekara da shekaru sai ya biya wajen wata mai abinci a unguwar Jonquet ya ƙoshi kafin ya iso gida, saboda miyata ba gishiri. Ranka ya daɗe, gishirin nan da umarnin asibitinka na rage shi. Na yafe a baki don idon jama'a. Sauran maganar tana jiran ya warke.

5. Labari ya kai wa dangi a garuruwan Dosso da Djougou. Yanzu gidana ba wurin shimfiɗa tabarmar salla. Baƙin sun zo ban kwana, ban kwanan ya ƙi ƙarewa, kuma babu marar cin abinci a cikinsu. Gwaggonsa Fourera ta riga ta tambaye ni ko firjin nawa ne ko na Alhaji.

6. Ranar Juma'a, 18 ga wata, na zo da kaina don Dakta ya faɗa mini gaskiya. Ya ce tansiyon Alhaji ya fi na bara kyau. Amma ya faɗa ne da wata sanyayyar murya, ya miƙo mini ruwa, ya ce ya fahimci halin da nake ciki, har ni ma na fara zargin akwai abin da yake ɓoye mini. Bai tsaya nan ba, ya buga wa Alhaji waya don ya kwantar masa da hankali. Ana kashe wayar Alhaji ya aika a kira liman ya rubuta wasiyya.

7. Kada a ɗauka ni maƙiyiyar tausayi ce. A watan Yuli na 2019, 'yata Munirat ta cika a hannun wannan likita. Ya fito ya ce mini Allah ya karɓi abinsa, ya wuce wurin mai jiki na gaba. Na daɗe ina riƙe da shi a raina, ina ce masa mai zuciyar dutse. Sai da shekara ta zagayo Malama Kadidja ta gaya mini cewa ran nan, da ya sallami mutane, ɗakin ajiyar magani ya shiga ya kulle kansa, ya fito ido jawur. Ashe tausayin yana nan, ajiye shi yake yi a gefe don kada ya yi kuskure a kan ɗan wani. Na so a ce ya nuna mini ko kaɗan a lokacin. Wannan na faɗe shi ne don adalci.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma kamar haka. A turo Dakta Boureima gidana, da tabaransa a ido, ya yi wa Alhaji faɗa da tsohuwar muryarsa a gaban dangi, ya kore shi kasuwa. A ba ni shaidar lafiyar Alhaji mai hatimin asibiti, in kai wa Sarkin Zango a kan maganar bijimi, tun Ɗantala bai kai shi mahauta ba. A yi shela a masallatan unguwa cewa fara'ar likita sabon tsari ne, ba alamar ajali ba ce. Sannan nan gaba a riƙa ba tsofaffin majinyata tausayin kaɗan-kaɗan kamar sabon magani, a fara da amsa gaisuwa, in jiki ya karɓa a ƙara.

Ba na neman a hukunta Dakta, don da kyakkyawar niyya ya yi. Gaggawa kawai nake roƙo, domin Alhaji ya sanar cewa ranar Juma'a mai zuwa, 25 ga wata, bayan an sauko masallaci, zai raba sauran garken, kuma Ɗantala ya riga ya ce zai zo ya taya shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba majinyatanka lafiya. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,

Hajiya Safara'u Fadel
Zango, Kwatano.