Ɗakin da Kilima Take

Garwa, Maris 2013

Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya hannun likitocin Yawunde? Allah ya ƙara sauƙi. A gaishe da ƙanwarka Mairamu mai jinya. Mairamu, ki karanta masa takardar nan duka, kada ki tsallake inda ya yi ɗaci. Na rubuto ne domin a waya da zarar na fara magana sai ya ce rezo, wato layin waya, ya ɗauke.

Saƙonka ya iso. Direban mota ya tsaya a ƙofar gida yana maimaitawa kamar mai hadda: kada a kashe kilimar da ke sanyaya ɗakin kaset, in kuran lantarki ya ɗauke a tayar da janareto. Na jira ko akwai saura, ya ce ke nan. Mutum an huda masa jijiya ana wanke masa jini, abin da ya tuna a Garwa shi ne kaset ɗin wasan bidiyo.

To, suna lafiya. Sun fi ni. Ni ina kwana a tsakar gida da mahuci cikin zafin bazarar nan, su suna jere a kanta cikin sanyi, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Tun kana fataucin rediyo a Legas kake tara su. Na yi shekaru ina tsaron littattafai a makarantar lise, na san littafin da ba a buɗewa gawa ne. Kai gawa kake saye, ka yi mata ɗaki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka kira ɗanka. Tun ranar da ka same shi yana yaro ya saci mabuɗi yana buga wasan nan mai jan kwali, ya kusa kai ƙarshe, ka fizge kaset ɗin ka mare shi a gaban abokansa, bai sake zama inuwa ɗaya da kai da son ransa ba. Yanzu magidanci ne a Marwa, yana koyar da 'ya'yan wasu. Na faɗa masa halin da kake ciki, ya ce in kai ka neme shi zai hau mota. Lambarsa na ƙasan takarda.

Matarka,
Lauratu

Garwa, Afrilu 2013

Alhaji,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Mairamu ta ce abinci ba ya zama. Allah ya kawo sauƙi.

Ta kuma ce ka yi waya mai tsawo, har na yi hamdala. Ashe da Norbert ne, abokin haukanka na Duwala. Wai ka bar wasiyya a ba shi kaset ɗin gaba ɗaya, kada a raba, domin shi ya san darajarsu. Gidan nan, da shago, da gonar Ngong, ba ka damu da yadda za a yanyanka su ba. Roba ce kaɗai ba ka so a raba ta da 'yan uwanta.

Kullum kana cewa naka ne, da guminka ka saya. Alhaji, ka dubi gadon da kake kwance, ka dubi rigar asibitin da ke jikinka. Ƙodar da aka haife ka da ita ma ta ƙi ka. A cikin wasannin nan in mutum ya mutu sai ya tashi ya sake daga farko, na ga yadda ake yi. Ina tsoron ka daɗe da su har ka ɗauka haka abin yake.

Ka san ban taɓa kiran sunan ɗan fari ba, ko a baki ko a takarda. Yau na ajiye kunya: Dawuda. Dawuda nake nufi. Ba na ce ka nemi gafararsa ba, na san wuyanka ba ya lanƙwasuwa. Ka ce masa ya zo kawai. Likita ya gaya wa Mairamu abin da bai gaya maka ba.

Lauratu

Garwa, Mayu 2013

Alhaji,

Hannuna ya saba, har na fara rubuta ya jiki. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ina cikin takaba, ba ni da direban da zan ba wannan.

Ba ka kira ba. Mairamu ta dawo da abin da ka iya faɗa a ƙarshe: a gaya wa yaron wasansa yana nan inda ya tsaya, ba ka taɓa sharewa ba, kuma wannan ɗaya ban da shi a rabon Norbert. Tana faɗa tana kuka, wai ashe kana sonsa. Ni ban yi kuka ba. Na san kana sonsa. Ajiye shi ka yi a kanta.

Dawuda ya zo sadakar bakwai. Da na isar masa da saƙon, ya karɓi mabuɗin ɗakin kaset. Da furfura a gemunsa ya durƙusa gaban talabijin, ya hure bakin kaset ɗin kamar yadda yake yi yana yaro, ya saka. Kiɗan ya tashi, hoton ya fito. Ya shiga inda ake ajiye sunan mai wasa da inda ya kai. Babu komai.

Norbert, da ya zo gaisuwa yana tsaye a ƙofa, ya yi bayani a hankali. Wai a cikin kowane kaset akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe abin da aka ajiye, kuma ba ya wuce wasu shekaru, ko da sanyi ko babu. Ya ce tabbas ya daɗe da mutuwa.

Dawuda ya kashe talabijin, ya miƙa wa Norbert kaset ɗin. Ya ce, "Haɗa da wannan, kada a raba su."

Da safe ya koma Marwa. Na kashe kilima.

Lauratu