Mabuɗin Hotunan Atiku

Litinin, 7 ga Oktoba
'Yata Lailatu ta warke daga zazzaɓi. Ƙafata ce dai ke ciwo. Ɗana Atiku lafiya, yana garin Turba cikin 'yan sa-kai, ni ce hankalina bai kwanta ba.

Yayansa Hafizullahi ya zo daga Sakkwato. Aikinsa kula da babbar kwamfutar ajiya, saba suke ce mata. Ya ce ɓarayin daji in sun tare mota har waya suke dubawa, in sun ga hoton ɗan sa-kai sai sun nemi gidansu. Ya kwashe hotunan Atiku ya zuba a sabarsa, ya goge na wayata. Sai na rubuta kalmar sirri za ni gan su. "Rumbu ne, Inna, mabuɗin na hannunki."

Laraba, 9 ga Oktoba
Na buɗe da kaina, harafi-harafi, kamar a ajin yaƙi da jahilci. Yaron ya yi ƙiba.

Asabar, 12 ga Oktoba
Maƙwabciyata Tasalla, wadda ta goyi Atiku, tana son ganinsa a wayar jikanta. Shekara talatin ban hana ta gishiri ko turmi ba. Na faɗa mata kalmar.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Hafizullahi ya kira. Sabar ta nuna masa baƙuwar waya ta shiga, ya rufe. Sai na tuna jikan Tasalla yaron mota ne, kullum yana hanyar Gatawa, inda ɓarayin ke tare mota.

Allah ya sa tun farko ya hana a sauke hoto, kallo kawai. Ba abin da ya rage a wayar jikan. Na ce maƙwabciya ce fa. Ya ce, "Inna, turmi in an ara ana maido shi. Wannan ba ya dawowa."

Juma'a, 18 ga Oktoba
Sabuwar kalma. Tasalla ta zo, na juya baya na rubuta, sannan na miƙa mata wayar.

"Yau ni ake juya wa baya?"

Na ce rana ce ke kashe mini ido. Ta yi dariya, ta daɗe tana kallon Atiku. Ba ta tambayi kalmar ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

Na aika wa Hafizullahi ya yi mata nata mabuɗin, na hotunan yarintar Atiku kawai, ya ba ni amsa kafin Juma'a mai zuwa. Saƙon a rubuce na tura shi, ba da murya ba, don kada Tasalla ta ji.