Launin ɗankwalin Iya Agbeke

Litinin, 3 ga Yuli

Ruwa tun asuba, unguwar Shomolu duk taɓo. Aikin farko littafin jana'iza ne, kwafi dubu biyu. Madam Kikelomo ta kawo, na mahaifiyarta Iya Agbeke. A bango hoton tsohuwar ne da ɗankwali kalar zoɓo, irinsa dangi za su ɗaura ranar. Ta ajiye mini ƙyallen a tebur. "Anti Ibidun, wannan nake so, ba ƙanwarsa ba."

Na ce mata hoton ya matse, ba a bar masa jini ba. Ta dafe ƙirji. "Jinin wa?" Na manta ba 'yar sana'a ba ce. Rarar hoto ce da ake bari a gefe don wuƙa ta ci, mu jini muke ce mata. Ta yi dariya har da hawaye, daga nan hawayen ya koma na gaske.

Laraba, 5 ga Yuli

Idon dama kuma. Kamar an shafa wa gilashi man ja.

Shekara ashirin da shida ina raba launi a maɗaba'ar nan: shuɗi, ja, rawaya, baƙi, kowanne da farantinsa na ƙarfe da ake ɗaura wa inji. Babu takardar da ke hawa inji sai na sa hannu a samfur. Yau na ɗora madubin ƙara girma a kan 'yar alamar gicciye ta gefe, inda farantan huɗu ya kamata su hau juna su zama ɗaya, sai na ga biyu. Na rufe idon dama, suka koma ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Ko mijina.

Alhamis, 6 ga Yuli

Sikiru mai inji ya buga hamsin ya tsaya, ya hawo sama da takarda ɗaya.

"Anti, ɗankwalin nan ya tafi wajen shanshanbale fa. Shuɗi ya yi yawa."

Na haɗa da ƙyallen, a idona iri ɗaya ne sak. Ya ce mu duba lambar shuɗin a kwamfuta. A gaban kowa ya faɗa, shi ya ɓata mini rai. Na ce, "Ranar da na fara raba launi kai ko aure ba ka yi ba. Sa hannun wa ke jikin samfur?"

"Naki, Anti."

"To ka je ka buga."

Ya je ya buga.

Na kasa cin amalar rana.

Asabar, 8 ga Yuli

Madam Kikelomo ta zo ɗauka. Ta daɗe tana kallon bangon. "Uwata ba ta taɓa ɗaura wannan kala ba. Wace ce wannan?" A hankali ta faɗa, gara da ta yi ihu.

Oga Rasaki mai maɗaba'ar ya sauko, ya nufi Sikiru kai tsaye. Wai ya buɗe tawada da yawa, wai hannunsa ya lalace, wai in an gama sake bugun ya nemi wani wuri. Sikiru ya kalle ni sau ɗaya, ya ce, "Ka yi haƙuri, Oga." Mutum mai 'ya'ya huɗu.

Ina tsaye. Bakina a rufe.

Lahadi, 9 ga Yuli

A coci ban gane ko kalma ɗaya ba.

Litinin, 10 ga Yuli

Na riga kowa zuwa, na buɗe aikin a kwamfuta. Shuɗi kashi arba'in da biyu a ɗankwalin. Bai kamata ya wuce goma sha biyar ba. Ni na ƙara shi da hannuna ranar Laraba, don jan ya yi mini haske. Inji bai yi laifi ba, abin da ke faranti ya buga.

Na gyara da lamba, ba da ido ba, na fitar da sababbin faranti. In na yi shiru an wuce wurin. Wa zai je ya duba tsohon faranti?

In na faɗa kuma, me ya rage na mai raba launin da ba ta ganin launi? Shekarata hamsin da huɗu.

Sikiru ya karɓi farantan ya ce, "An tashi lafiya, Anti?" kamar kullum. Wannan ya fi komai ciwo.

Talata, 11 ga Yuli

An sake bugu. Madam ta rungume littafin ta ce wannan ce uwarta. Ni a idona na yau da na Asabar duk ɗaya ne. Na gyaɗa kai ina murmushi.

Na ga Sikiru yana haɗa spanoninsa a jakar buhu.

Laraba, 12 ga Yuli

Na faɗa.

Na shiga ofis da tsohon farantin shuɗi a hammata. Oga yana cin wake da burodi. Na ce laifina ne, Sikiru ya gani ya gaya mini na ƙi ji, idona ne. Ya ajiye cokali.

"Tun yaushe?"

Na ce tun wajen Kirsimeti.

"Ibidun, kina sa hannu wata bakwai da ido ɗaya?"

Ya leƙa ta taga ya kira Sikiru, ya ce ya zazzage jakar nan tasa. Haƙuri bai ba shi ba, Oga bai iya ba, amma ya tura masa rabin burodin. Ni ya ce mini gobe asibiti, sauran maganar sai na dawo.

A matattakala na ce wa Sikiru me ya sa bai tona ni ba. Ya ce, "Na lura tun Ista kina rufe ido ɗaya, Anti. Na ɗauka kina kashe wa Oga ido ne." Na ɗaka masa duka a kafaɗa.

Alhamis, 13 ga Yuli

Yanar ido ce. Likita ta ce ita ke sa launi ya yi ruwan ƙasa, shuɗi ya ɓuya. Za a cire a watan Satumba. Ta ce yawanci gani yana dawowa. Yawanci.

Mijina ya yi fushi rabin awa, sannan ya tafi ya sayo mini kifi.

Litinin, 24 ga Yuli

Oga ya ƙara layi a ƙasan takardar samfur. Yanzu sa hannu biyu ne, nawa da na Sikiru. Na ce masa na wucin gadi ne, zuwa Satumba. Ya ce to.

Yau kalandar wata makaranta, rigunan yara kore. Lambobi daidai, na duba sau uku. Ban jira ya hawo ba, ni na sauka ƙasa da takardar na ce, "Duba mini koren nan." Ya ce a rage rawaya kaɗan. Na rage.

Don dai aikin na sauri ne.