Takardar da Na Ɓoye a Cikin Kwalla

Zuwa ga maigidana, Baban Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, balle ka yi wa rubutuna na yaƙi da jahilci dariya yadda ka saba.

Gero ya yi kyau bana a Baoudetta. Rabi ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, ga shi na rasa yadda zan kira shi. Makiyayan Issawane suna tambayarka, wai ba wanda ya kai ka iya yi wa shanu allura.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ka tuna da ciwo ya kada kai, muka kwaso ka zuwa gida neman magani, ba wanda ya sanar da biro, wato ofishinku? Su can sai suka rubuta ka gudu daga aiki. Takarda ta zo da hatimi, da Faransanci, mai kawowa ya ƙi kallon idona. Yaya Sani ya ce ba a kai wa majinyaci mugun labari. Na tura ta cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwana.

Kullum la'asar, in motar kasuwa ta tsaya, sai ka ɗago kai ka tambaye ni ko an aiko daga biro. Kullum in ce a'a.

Da na fita takaba na kai ta Mayahi. Wani ma'aikaci ya karanta mini. An kore ka, an yanke duk haƙƙinka, amma layin ƙarshe ya ce kana da damar ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika. Takardar likita kawai za ka haɗa. Tana aljihun rigarka, ni na ninke ta! Wa'adin ya wuce tun kana da rai, kana shan kunu daga hannuna.

Me ya hana ni nuna wa malamin makaranta? Kai da ko ranar salla kake zuwa kiran makiyayi, yanzu a littafinsu magujin aiki ne kai, kuma ni na jawo.

Har yau, in motar nan ta tsaya, ina jin tambayarka daga ɗaki. Ba na buɗe kwallar, ba na shiga ɗakin da la'asar. Yau dai zan amsa maka: an aiko, Baban Rabi. Tun tuni aka aiko.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka makwancinka.

Taka har kullum,
Uwar Rabi